Daga Kabad zuwa CDI: Tarihin Masu Kula da Ɗakunan Littattafai a Makarantun Faransa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wata sana'a wadda ba a cika ambatonta ba idan ana zancen tsarin ilimi, watau sana'ar mai kula da ɗakin littattafai na makaranta, kamar yadda ta tashi ta girma a ƙasar Faransa. An zaɓi Faransa ne saboda dalilai biyu. Na farko, tsarin kwaleji da lise na ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, har da Nijar, daga can aka gaje shi, tare da sunayen ofisoshinsa da jarrabawarsa. Na biyu, a can ne ja-in-jar da ke tsakanin littafi da na'ura ta bar sawu a fili, har a cikin sunan da ake kiran ma'aikatan da shi. Tarihin yana nuna cewa duk sa'ad da wata sabuwar na'ura ta shigo makaranta, waɗannan ma'aikata sukan samu ɗaki da ɗan kuɗin sayen kaya. Matsayi da ƙwarewa kuwa, sai da suka haɗa kai da junansu suka same su. Lokacin zama a karanta littafi shi ne abin da ya fi yi musu wuyar samu.

Zamanin kabad

A ranar 1 ga watan Yuni 1862, a zamanin mulkin Napoleon na uku, ministan ilimi Gustave Rouland ya sa hannu a kan wata doka wadda ta wajabta wa kowace makarantar firamare ta gwamnati ta mallaki ɗakin littattafai. Ɗakin nan a haƙiƙa kabad ne guda, a jingine da bangon aji. Malamin makaranta ke riƙe da mabuɗinsa, shi ke rubuta sunan wanda ya ari littafi da ranar da ya mayar. A ciki akwai littattafan darasi da ake ba ƴaƴan talakawa aro, akwai kuma na karatun sha'awa, waɗanda iyaye da sauran manyan ƙauye su ma suna iya ara. Ba a shigar da littafi sai da yardar hukumar ilimi. An kafa dubban irin wannan kabad a cikin shekarun da suka biyo baya, amma da yake babu wani kason kuɗi tsayayye na sabunta su, da yawa suka tsufa da abin da aka zuba musu tun farko.

Abin lura shi ne, a wannan tsari babu sana'a. Aikin littattafai ƙari ne a kan aikin malami, yana yinsa bayan an tashi. A lise ma haka abin yake a warwatse: akwai ɗakin littattafai na malamai wanda ɗalibi ba ya shiga, akwai kuma ƴan littattafan da kowane aji ke tarawa wa kansa. Haka aka tafi har bayan Yaƙin Duniya na biyu, sa'ad da Gustave Monod ya buɗe abin da aka kira «sababbin azuzuwa» a shekarar 1945, inda ake son yaro ya nemi sani da kansa. Wanda zai nema kuwa sai an ba shi wurin nema.

Kalmar document

Kafin a ci gaba sai an tsaya a kan kalma guda, gama ita ce ta juya akalar sana'ar duka. Kalmar bibliothèque ta Faransanci ta fito ne daga Girkanci, kuma tushenta biblion, watau littafi. Mai aikin wurin shi ne bibliothécaire. Amma tun farkon ƙarni na 20 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Paul Otlet, ya yi ta yaɗa ra'ayin cewa littafi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke ɗauke da sani. A littafinsa na 1934 ya sa hoto, da taswira, da faifai, da fim a sahu ɗaya da littafi, ya kira su duka document. Wata ma'aikaciyar babban ɗakin littattafai na ƙasar Faransa, Suzanne Briet, ta ƙara faɗaɗa ma'anar a wani ɗan littafi da ta buga a 1951. Misalin da ta kawo ya shahara: barewa da ke gudu a dajin Afirka ba document ba ce, amma idan aka kamo ta, aka kai ta gidan namun daji, masana suka yi mata suna suka rubuta bayaninta, to ta zama document, domin yanzu shaida ce a kan wani abu.

Hausa ba ta da kalma guda da ta ɗauke wannan ma'ana. «Takarda» ta yi ƙunci, tun da faifai ba takarda ba ne. «Shaida» ta fi kusa da nufin Briet, amma ta fi jan hankali zuwa gaban alƙali. Mai fassara sai ya yi kewaye ya ce «duk abin da aka adana don a ɗebi sani a cikinsa». A Faransanci kuwa kalmar ta haifi sabon suna na ma'aikaci, documentaliste, wanda aka fara horarwa a wata cibiya da aka buɗe a birnin Faris a 1950, da hannun Briet ɗin a ciki. Asalin documentaliste ma'aikacin kamfani ne ko na cibiyar bincike: injiniya ya yi tambaya, shi ya nemo amsa da sauri, ko daga mujalla ko daga rahoto. Ba ruwansa da ko wani ya ji daɗin karatu. Wannan suna, da wannan hali, su ne suka shigo makaranta.

Ɗakin da aka buɗe wa malamai

A shekarar 1958 shugaban lise Janson-de-Sailly na birnin Faris, Marcel Sire, ya keɓe wani wuri a makarantarsa inda aka tattara kayan koyarwa da ke warwatse a azuzuwa da ofisoshi: taswirori, hotunan majigi, fayafayai, rakoda, injin buga takardu, mujallu, da takardun umurnin ma'aikata. Aka sa mutum guda ya kula da su. Wannan shi ne kakan abin da ake kira CDI a yau. An buɗe shi ne domin malamai. Malamin tarihi ya zo ya ɗauki majigi da hotunan da zai nuna, malamin Ingilishi ya zo ya ɗauki faifai. Ɗakin littattafai na ɗalibai, inda akwai shi, yana can dabam da mai kula da shi dabam. Ma'aikatar ilimi ta ga amfanin abin, ta tsara shi da takardar umurni a 1962 da sunan ofishin documentation, sa'an nan a 1966 aka ƙara masa kalmar information.

Ya kamata a tuna irin iskar da ke kaɗawa a lokacin. Shekarun 1960 zamani ne na dogaro da hoto da sauti. Masu tsara ilimi da yawa sun gaskata cewa majigi da rediyo da talabijin za su rage buƙatar littafi, har ma da ta ƙwararren malami. Nijar ta ga wannan imani da idonta, gama da taimakon ƙwararrun Faransa ne aka fara talabijin na makaranta a Yamai a 1964, inda yara ke kallon darasi a akwati, mai kula da aji kuwa horonsa na ɗan gajeren lokaci ne. An rufe shirin a ƙarshen shekarun 1970. A Faransa kanta abin bai kai haka ba, amma ma'aikacin sabon ɗakin ya wayi gari shi ne mai gyaran majigi idan fitila ta ƙone, shi ne mai juya injin buga takardun jarrabawa, shi ne kuma mai raba littattafan darasi a farkon shekara da karɓarsu a ƙarshe.

Su wane ne aka ba aikin? A nan ne raunin sana'ar yake. Mafi yawansu mataimakan malamai ne, masu digiri na farko waɗanda ba su ci jarrabawar zama cikakken malami ba, kuma mata sun fi yawa ƙwarai. Akwai kuma malaman da rashin lafiya ko gajiya ta hana su tsayawa gaban aji, sai hukuma ta tura su ɗakin littattafai su huta. Ba a neman wata takardar shaida ta sanin aikin. Daga nan wata mummunar fahimta ta kafu a zukatan sauran malamai, cewa ɗakin wurin ajiye wanda ya kasa ne, kuma an ɗauki shekaru da yawa ana fama da ita.

Kaɗaici da maganinsa

Malamin lissafi yana da abokan darasinsa biyar ko shida a makaranta ɗaya. Idan wani abu ya shige masa duhu sai ya tambaya a ɗakin malamai. Mai kula da ɗakin littattafai galibi shi kaɗai ne a makarantarsa. Ba wanda zai nuna masa yadda ake jera littattafai bisa lambobi, ko yadda ake rubuta katin kowane littafi, balle yadda ake karɓar aji na yara 30 a sa su bincike ba tare da an tada ƙura ba. Hukuma ba ta tanadi makarantar horo ba. Saboda haka suka nemi juna.

Shekarar 1972 ta ga abubuwa biyu. Ƙungiyoyin da suka kafa a yankunan ilimi dabam-dabam suka haɗu suka zama tarayya guda, FADBEN. A shekarar kuma Roger Cuchin, wanda shi ma mai wannan aiki ne a garin Étampes, ya fara buga mujallar da aka sani da Inter CDI, wadda ƴan sana'ar ke rubutawa domin ƴan sana'ar. A cikinta ake bayanin sababbin littattafan yara da matasa, da yadda wani ya tsara kantocinsa, da yadda wata ta shawo kan malamin kimiyya suka yi darasi tare. Daga baya tarayyar ma ta fito da tata mujallar, Médiadoc, wadda ta fi zurfafawa a kan abin da ya kamata a koyar. A cikin dogon sunan FADBEN akwai kalmomin nan biyu a manne, documentalistes-bibliothécaires. Mai kayan na'ura da mai littattafai sun zama mutum ɗaya, amma dubi wanda ke gaba.

Sa'ar da suka ci ita ce, a daidai lokacin makarantar Faransa tana neman sabuwar hanya bayan tarzomar ɗalibai ta watan Mayu 1968. A 1973 minista Joseph Fontanet ya ba makarantun sakandare izinin su keɓe kashi 10 cikin 100 na sa'o'in darasi domin ayyukan da suka zaɓa da kansu, aka kuma ƙarfafa abin da ake kira aikin ɗalibi na ƙashin kansa. A tsakanin 1973 da 1974 ne aka haɗe ofishin malamai da ɗakin littattafan ɗalibai wuri guda, aka raɗa masa suna Centre de documentation et d'information, watau CDI. Aka umurci masu ginin sababbin makarantu su sa shi a tsakiya. Ga ɗalibi wannan ci gaba ne babba: a karo na farko yana da wurin da zai shiga ya ɗauki littafi daga kanta da hannunsa. Amma kalmar bibliothèque ta fita daga sunan ɗakin, ba ta kuma komo ba.

Dokar Haby ta 1975, wadda ta tara dukan yaran da suka gama firamare a kwaleji iri ɗaya, ta kawo wa CDI wasu baƙi da ba a yi tsammani ba: yara masu shekara 11 ko 12 waɗanda karatu ke yi musu nauyi, waɗanda kuma babu littafi ko ɗaya a gidajensu. Dabarar documentaliste ta kamfani ba ta da amsa a gare su. Wanda bai iya karanta shafi ya fahimta ba, nuna masa akwatin katuna ba zai amfane shi ba. A nan ne da yawa daga cikin ma'aikatan suka koma ga abin da masu ɗakunan littattafan yara suka daɗe suna yi, musamman ɗakin Clamart da aka buɗe a 1965 ƙarƙashin Geneviève Patte: karanta labari da murya, barin yaro ya zaɓi abin da yake so, da karɓar littattafan zane waɗanda malamai da yawa ke raina wa a lokacin. Takardar umurni ta watan Fabrairu 1977 ta amince cewa ainihin aikinsu na koyarwa ne. Albashi da matsayi dai ba su canza ba.

Kwamfuta

Faransa ta fara gwada kwamfuta a lise 58 tun farkon shekarun 1970, amma babban yunƙuri shi ne na firaminista Laurent Fabius, wanda ya yi shelar shirin «kwamfuta domin kowa» a watan Janairu 1985. A cikin watanni kaɗan aka raba na'urori wajen 120,000 a makarantu kusan 50,000, mafi yawansu ƙirar kamfanin Thomson, aka kuma ba malamai sama da 100,000 horo na mako guda a lokacin hutu. An kashe kusan faran miliyar 2. Na'urorin ba su da ƙarfi, manhajar da ke cikinsu ba ta da yawa, kuma kamfanin Thomson ya daina ƙera su a 1989. Da yawa suka ƙare a kabad, kamar littattafan Rouland.

Amfanin da CDI ya samu daga kwamfuta ta wata ƙofa ya shigo, kuma wannan ƙofa ta cancanci a daɗe a bakinta. Aikin da ya fi cin lokacin mai kula da ɗakin shi ne tsince mujallu. Makaranta tana karɓar mujallu 20 ko 30. Kowace fitowa tana da maƙaloli da yawa. Idan ana son ɗalibi ya samu maƙalar da ta yi magana a kan fari a Sahel ko a kan aman wutar dutse, sai an karanta kowace, an rubuta mata kati, an sa mata kalmomin nema. Dubban ma'aikata a dubban makarantu suna yin wannan aiki ɗaya a kan mujallu iri ɗaya, kowa a ɗakinsa. Cibiyar kayan koyarwa ta yankin Poitiers ta ga wannan ɓarnar lokaci. Ta shirya manhajar sarrafa ɗakin littattafai, Mémolog da farko, sa'an nan BCDI a shekarun 1990, ta kuma sa ƴan sana'ar suna tsince mujallun sau ɗaya, ana aika wa duk makarantar da ta yi rajista. Abin da mutum guda ya rubuta sai ya wadatar da ƙasa duka.

Wannan ba zai yiwu ba sai an yarda da kalmomi. Idan wani ya sa «mota», wani ya sa «abin hawa», wani ya sa «sufuri», na'ura ba za ta san abu ɗaya ake nufi ba. Saboda haka aka tsara ƙamus na kalmomin nema, Motbis, wanda ya fito a 1989: kowace ma'ana da kalmarta guda da aka zaɓa, sauran masu kama da ita suna nuni zuwa gare ta, kuma an jera su daga babba zuwa ƙarami. Ga mai nazarin harshe, aikin daidaita kalmomi ne sosai, irin wanda kwamitocin harsuna ke yi idan suna neman sunayen abubuwan lissafi ko na kimiyya, da irin gardamarsa. Bambancin shi ne masu amfani da kalmomin su ne suka zauna suka zaɓe su, suna kuma gyara su bisa abin da suka ga ɗalibai na nema.

Kada a ɗauka kyauta aka samu wannan. Shigar da tsofaffin katuna cikin na'ura ya ci wa wasu shekaru, suna zaune gaban allon kwamfuta, ɗalibai suna bayansu. Har wa yau, da yake CDI ne sau da yawa wurin da ke da na'ura mai aiki, sai ma'aikacinsa ya sake zama makanikin makaranta, kamar zamanin majigi.

Takardar umurni ta 13 ga Maris 1986 ta jera ayyukansu a sarari: koya wa ɗalibai hanyar bincike, yin aiki tare da sauran malamai, buɗe makaranta ga al'adu da duniyar waje, da kula da kayan ɗakin. Abin da tarayyar ta daɗe tana nema ya zo bayan shekara uku. A babban taronta na farko, a Strasbourg, cikin watan Mayu 1989, ministan ilimi Lionel Jospin ya zo da kansa ya yi shelar kafa jarrabawar CAPES ta documentation, watau jarrabawar da malamin tarihi ko na lissafi ke ci kafin ya zama cikakken malamin sakandare. An yi ta farko a 1990. Daga ranar aka samu hanyar shiga sana'ar, da shekarar horo, da albashi daidai da na sauran malamai. Suna kuma ya sake juyawa, ya zama professeur documentaliste. A Faransanci kalmar farko ita ce uwa, ta biyu siffa ce gare ta: malami ne, wanda fanninsa documentation. Bibliothécaire ya fita daga sunan mutum kamar yadda bibliothèque ta fita daga sunan ɗaki.

Inda karatu ya fake

Da an bi suna kawai da sai a ce littafi ya sha kaye. Ba haka ya faru ba, domin a daidai waɗannan shekaru ne aka ƙirƙiro hanyoyin jan yara ga karatu waɗanda suka fi daɗewa. A 1988, a garin Rennes, aka fara gasar Goncourt ta ƴan lise: azuzuwa suna karanta littattafan ƙagaggun labarai goma sha wani abu da aka zaɓa wa babbar kyautar Goncourt ta shekarar, cikin wata biyu, su yi muhawara, su zaɓi nasu gwani. Erik Orsenna ne ya fara ci. A shekarar kuma aka kafa gasar Incorruptibles domin ƙananan yara. A makarantu da yawa malamin Faransanci da mai kula da CDI ne ke ɗaukar nauyin abin tare: ɗaya yana da aji da sa'o'i, ɗaya yana da littattafai da wuri. Haka kuma makon jarida a makaranta, wanda cibiyar CLEMI ke shiryawa tun 1990, galibi a CDI ake baje jaridun.

A nan ne gaskiyar matsayinsu take bayyana. Professeur documentaliste malami ne wanda ba shi da aji nasa, ba shi kuma da sa'a a jadawalin ɗalibai. Aikinsa sa'a 36 ne a mako, 30 a makaranta, 6 na hulɗa da waje, kamar zuwa kantin littattafai ko taro da takwarorinsa. Duk darasin da zai yi, sai wani malami ya ba shi aron sa'arsa. Haɗin gwiwa a gare shi sharaɗin aiki ne. Wanda bai iya lallashin abokan aikinsa ba sai ya zama mai gadin yaran da malaminsu bai zo ba. Kuma idan ya karɓi aji domin darasi, dole ya rufe ƙofa ga mai son zuwa ya zauna ya karanta.

Makarantun firamare sun ba da misali na kishiya. Can ma an kafa ɗakunan littattafai, BCD, waɗanda takardar umurni ta 1984 ta amince da su, kuma sun riƙe kalmar bibliothèque a sunansu. Amma ba a taɓa ba su ma'aikaci na dindindin ba. Sun dogara ga iyaye masu sa kai, da malamai masu himma, da matasan da ake ɗauka aikin wucin gadi. Inda mutumin ya tafi, ɗakin yakan koma wurin ajiya.

Intanet da gardamar cikin gida

Da intanet ta shigo makarantu a ƙarshen shekarun 1990, tambayar ta juye. A da, matsalar ɗalibi ita ce ya samu abin karantawa a kan batunsa. Yanzu yana samun fiye da abin da zai iya ɗauka, bai kuma san wanda ya rubuta ba. Ayyukan bincike na rukuni da aka wajabta a lise daga shekarar 2000, TPE, sun cika CDI da ɗalibai, suka kuma nuna yadda kwafe shafi daga intanet ya yi sauƙi. An soke su a gyaran jarrabawar bakaloriya na 2019.

Ƴan sana'ar suka rabu biyu a kan abin yi, kuma gardamar ta yi zafi. Tarayyar, tare da wasu malaman jami'a, ta ce akwai wani ilimi na musamman da ya kamata a koyar daga ajin farko na kwaleji har ƙarshen lise: mene ne tushen labari, wa ke da alhakin abin da aka buga, yaya injin nema ke jera amsoshinsa. Suna son manhaja rubutacciya da sa'o'i tsayayyu. Wasu manyan sufetoci na ma'aikata kuwa sun fi son a mayar da CDI wurin da ke buɗe tsawon yini, cike da na'urori, ɗalibi ya yi aikinsa da kansa, ma'aikacin ya zama mai tsara kayan sani na makaranta duka. Wannan ra'ayi ya fito a wata takardar jagora ta 2012. Ƴan tarayya suka ga a cikinsa hanyar mayar da su masu tsaron ɗaki. Duka ɓangarorin biyu suna da hujja, amma mai karanta rubuce-rubucensu na lokacin zai lura cewa zancen karatun sha'awa bai samu wuri sosai ba a ko wane gefe.

Dokar ilimi ta watan Yuli 2013 ta shigar da koyar da sanin kafofin labarai cikin aikin kwaleji, kuma bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Janairu 2015 hukuma ta ƙara matsa wa wannan fanni. Wata doka ta 2014 ta ce duk sa'ar da professeur documentaliste ya koyar, a lissafa masa ita sa'a biyu, ko da yake aiwatar da wannan ya dogara ga shugaban kowace makaranta. A 2016 tarayyar ta canza suna ta zama APDEN. Takardar umurni ta 28 ga Maris 2017, wadda ta maye gurbin ta 1986, ta sa koyarwa a gaba, kula da kayan ɗaki na biye, sa'an nan al'adu da karatu.

Abin mamaki, daga wajen sana'ar ne kiran komawa ga littafi ya fi ƙarfi. Dokar watan Agusta 2018 ta hana ɗalibai amfani da wayar salula a firamare da kwaleji. Makarantu da yawa suka ɗauki al'adar minti 15 na karatu, inda kowa, daga shugaba har mai shara, zai ajiye abin da yake yi ya buɗe littafin da ya zaɓa, ba tambaya ba jarrabawa. Gwamnati ta ayyana karatu a matsayin babban burin ƙasa na 2021 zuwa 2022. Littattafan da yaran ke buɗewa a wannan minti 15, daga CDI mafi yawansu ke fitowa, kuma littattafan zane na Japan suna cikin waɗanda aka fi ara.

A tsakiyar wannan ne annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris 2020, malamai suka koma koyarwa daga gida da na'urorinsu. A watan Disamba na shekarar gwamnati ta kafa alawus na yuro 150 a shekara domin malamai su sayi kayan kwamfuta. Dokar ta ambaci malamai duka, ta cire professeurs documentalistes da suna. Hujjar da ta fito daga ma'aikata ita ce alawus ɗin na waɗanda ke tsayawa gaban ɗalibai ne. Mutanen da suka shigar da kwamfuta makaranta tun zamanin Mémolog, waɗanda kuma suka ci jarrabawar malanta tun 1990, suka rufe ɗakunansu a ranar 17 ga Disamba, ƙungiyarsu da ƙungiyoyin ƙwadago na malamai suna mara musu baya. A 2021 aka ƙara musu alawus ɗinsu na musamman, ba tare da an sa sunansu a cikin dokar kayan kwamfuta ba.